Ruwa Ga Shi, Kifi Babu: Ƙananan Rafukan Fadamar Haɗejiya

A tsakiyar watan Maris, lokacin da rairayin Birniwa ke ƙona tafin ƙafa, wanda ya gangara kudu wajen Kirikasamma ko ya nufi gabas wajen Nguru zai tarar da abin da kakanninsa ba su sani ba. Ruwa ne kwance a fadama, ga kore shar iya ganin ido, a watan da a da kogin Haɗejiya kan ƙafe har a riƙa tonon ruwan sha a yashinsa. Baƙo zai ce mutanen nan sun more. Masunci ba zai ce haka ba. Koren nan kacala ce, ciyawar da ta fi mutum tsawo, wadda ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kiwo da mashigar kwalekwale, ruwan da ke ƙarƙashinta kuwa ba ya zuwa ko'ina. Ruwa ya zauna shekara zagaye, amma kifin da ake fitarwa sai ƙanƙancewa yake yi, manya irin su giwan ruwa da yauni kuma sun fi yawa a bakin dattawa fiye da a cikin taru.

Yaya aka yi ruwa ya ƙi tafiya, kifi kuma ya tafi? Wanda ya tsaya kallon babban kogi ba zai gano ba. Sai an sauka an bi ƙananan hanyoyin ruwan da ke ɓallewa daga kogi su shiga fadama, waɗanda mafi yawansu ba su da suna a taswira, sai a bakin mutanen ƙauyen da ke kusa.

Kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. Yana wuce Wudil da Ringim sai ya shiga ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tsofaffin jigayin rairayi, daga nan kuma ba ya iya riƙe hanya ɗaya. Wani reshe ya ɓalle ya zama kogin Kafin Hausa. Gaba da garin Haɗejiya sauran ya rarrabu zuwa tsohon kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da rafin Marma wanda ke ƙarewa a tafkin Nguru. Daga kudu kuma kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Katagum, yana zuwa su haɗu kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar ta wajen Diffa ya faɗa Tafkin Chadi. Birniwa tana gefen arewa na wannan shimfiɗa, ƙasar gero da riɗi da wake, a kan layin dogon da ya isa Nguru a 1930. Amma rayuwarta ba ta rabu da fadama ba: can shanu ke sauka da rani, can matasa ke tafiya su da ƙwadagon shinkafa, daga can bandar kifi ke zuwa kasuwa, kuma masana sun nuna ruwan da ke nutsewa a fadama yana ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda rijiyoyin yankin ke sha.

Mafi yawan kifin wannan yanki ba a cikin kogi yake haihuwa ba. Kogi wurin fakewa ne da rani, hanya ce kuma. Idan ruwan damina ya fara ɗagowa wajen Yuli zuwa Agusta, ya kai bakin ƙananan rafukan nan ya kwarara cikin ciyawar da ta bushe tun kaka, sai kifi ya biyo shi. Tarwaɗa ce kan gaba, tana kutsawa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, ta zuba ƙwai a kan ciyawar da ruwa ya rufe. Bargi yana share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayya, uwa da uba su tsaya gadi. Yauni nasa gidan a kan ruwa yake shawagi. Karfasa tana haƙa ɗan rami a ƙasa mai tsabta, wani irinta ma uwar ce ke riƙe ƙwan a baki har ya ƙyanƙyashe. Kawara kuwa ayari take yi, ta hau da ruwa ta sauko da shi. Abin da ke jawo su duka abinci ne. Ƙasar da ta sha rana wata shida, shanu suka kwana a kanta suka bar taki, ciyawa ta ruɓe, da ruwa ya taɓa ta sai ta cika da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Ruwan ba zurfi, yana da ɗumi, manyan kifaye masu farauta ba sa iya kutsawa sosai. Cikin wata uku zuwa huɗu ɗan kifi ya yi girman da zai iya tsira.

Sai ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Ta ƙofar da kifi ya shiga, ta nan zai fito ya koma kogi ko ya faɗa tafkunan da ba sa ƙafewa. Wanda ya makara ya zama rabon masunci da tsuntsu, ban da gaiwa wadda ke nutsewa cikin laka ta jira wata damina. Ƙasar da ruwa ya bari manomi ya shuka wake, makiyayi ya sako shanu, rana ta sake gasa ta. Mutum uku ke cin ƙasa ɗaya a shekara, kowa da lokacinsa. Bushewar fadama ba hasara ba ce a wannan tsari, da ita ake shirya wa kifin baɗi abinci. Wannan ne abin da masu tsara madatsun ruwa ba su sa a lissafi ba.

An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Audu Bako, da ƙarfin riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka gama ta Challawa a Ƙaraye, mai ɗaukar kusan biliyan 1, aka kuma yi shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a ƙasar Auyo. Tiga da Challawa kaɗai suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Duk suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, hedikwatarta tana Kano. Aikin madatsa shi ne ta kame ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani, kuma haka suka yi. Aka datse ƙololuwar cikar damina, aka hana kogi bushewar rani. Fari na farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984 ya ƙara nasa. Binciken da aka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna filin da ruwa ke rufewa a shekara ya sauko daga hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000.

Raguwar faɗin ruwa kowa ya gan ta. Abin da ya biyo baya ne ya fi wuyar gyara. Cikar damina ta da tana zuwa da ƙarfi, ta share yashi da lakar da suka taru a bakin rafuka. Ruwan madatsa yana zuwa a hankali, ya ajiye lakarsa ya wuce. Kacala kuma, wadda da ma akwai ta jefi-jefi a bakin tafkuna, abu biyu take so: ruwa mara zurfi, da ƙasar da ba ta bushewa. Da can rani ne ke kashe ta kowace shekara. Da aka ɗauke mata rani sai ta bazu, ta saiwa a ƙarƙashi, ta iri a iska. Inda ta kafu ruwa yana rage gudu, inda ruwa ya rage gudu laka tana zama, inda laka ta zauna ta ƙara samun wurin kafuwa. Haka bakin rafi ke cikewa har ya rufe. Tsohon kogin Haɗejiya ya toshe, Burum Gana ya toshe, ruwan da ya rasa hanya ya tattaru ya bi rafin Marma. Sai aka wayi gari ƙauyukan bakin Marma da kewayen Nguru suna nutsewa, gonakinsu ba sa fitowa daga ruwa, alhali ƙauyukan da ke kan rassan da suka toshe suna kallon busasshen kwari. Har aka kai lokacin da ruwan Haɗejiya kusan ba ya isa Gashuwa, Komadugu ya koma dogaro da Jama'are.

Ga kifi, dajin kacala ba mazauni ba ne. Ganyenta yana ruɓewa a ƙasa ya cinye iskar da ke cikin ruwa, inuwarta ta hana hasken da ƙananan tsirrai ke buƙata, karfasa ta rasa ƙasa mai tsabta, bargi ya rasa ciyawa mai laushi. Masu jurewa su ne masu iya shaƙar iska daga sama, irin tarwaɗa da gaiwa, su ma ba a iya jefa musu birgi ko a ja taru a cikin wannan sarƙaƙiya. Waɗanda suka ji daɗin kacala su ne tsuntsu jan baki, da ke kwana a cikinta ya wayi gari a gonar gero da shinkafa, da sauro, da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Manomin Birniwa da bai taɓa riƙe homa ba yana biyan kuɗin toshewar rafin Marma da zangarniyar geronsa.

Bai kamata a ɗora wa madatsa laifin duka ba, domin mu ma mun sa hannu. Manomin da ya ga ruwa na wuce gonarsa yakan fasa gaɓa ya ja shi, ramin da aka haƙa da fartanya ya zama rafi cikin 'yan shekaru, ya sace ruwan na ƙasa da shi. Ƙauyen da ke tsoron ambaliya yakan yi jinga da buhunan yashi, ya tura ruwa ga maƙwabci. Hanyoyin mota da aka ɗaga a tsakiyar fadama, masu ƙananan kwalbatoci ko waɗanda aka ɗora sama da ƙasan rafi, sun raba tafki da uwarsa. Sai kuma dumba, shingen da ake gitta wa rafi daga gaɓa zuwa gaɓa a jera gurar Mali, ba abin da ke wucewa. Wanda ya kafa dumba lokacin da kifi ke shiga da ciki cike da ƙwai ya ci na bana ya ci na baɗi. Haka mai tarun gidan sauro, haka mai zuba gubar Gamalin a kududdufi. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da abin fashewa, amma doka a takarda ba ta kwana a bakin rafi. Wanda ke kwana a can sarkin ruwa ne da bulama, su kuwa ƙarfin faɗa-a-jinsu ya ragu tun da su ya zama hanyar tara kuɗin shiga. A ƙasar Bade har yanzu akwai ruwayen da ake hana taɓawa sai ranar da aka buɗe, kamar yadda bikin su na Gorgoram ke nunawa, kuma duk masunci ya san dalilin da ya sa kifin irin wannan ruwa ya fi girma.

Ba a nan kaɗai aka yi wannan kuskure ba, shi ya sa yake da amfani a leƙa inda aka riga mu fara gyara. A yammacin Amurka akwai kifin salmon da ɗan'uwansa steelhead, waɗanda ake ƙyanƙyashewa a ƙananan ƙoramun tsaunuka, su gangara teku su girma, su dawo ƙoramar da aka haife su su zuba ƙwai a cikin tsakuwa. Madatsu da sare daji da hanyoyin mota sun rage su har aka fara sa wasu ire-irensu cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa tun wajen 1991. Shekaru da dama hukumomi suka yi suna zuba kuɗi a gidajen ƙyanƙyasa, ana sakin miliyoyin 'ya'yan kifi, na dajin bai farfaɗo ba. Daga baya aka juya ga ƙoramun da kansu. Aka riƙa mayar da gungumen itatuwa cikin ruwa bayan an shekara da shekaru ana kwashe su da sunan tsabtacewa, aka dasa bishiyoyi a gaɓa don inuwa, aka buɗe tsofaffin rassan da aka toshe. A jihar Washington ƙabilun asali suka kai gwamnati ƙara kan kwalbatocin da ke hana kifi wucewa, a 2013 kotu ta umarci jihar ta gyara su, hukuncin ya tsaya har Kotun Ƙoli a 2018. A kogin Klamath kuma aka rushe madatsu huɗu, aka gama a 2024, kafin shekarar ta fita aka ga salmon a ƙoramun jihar Oregon da ya yi fiye da shekara 100 bai taka ba.

Kifinsu ruwan sanyi yake so da tsakuwa, namu ruwan ɗumi da ciyawa, kuma ba mai hankalin da zai ce a rushe Tiga. Abin ɗauka a wurinsu biyu ne. Zuba 'ya'yan kifi a ruwan da ba shi da wurin haihuwa ɓarnar kuɗi ce, ko da kuwa ta fi kyau a hoto ranar da babban baƙo ya zo. Sannan kwalbati guda da aka gina ba daidai ba yana iya kashe rafi kamar yadda madatsa ke yi.

Misalin da ya fi kama da namu yana nan kusa, a arewacin Kamaru. A 1979 aka gina madatsar Maga da jinga a gefen kogin Logone don noman shinkafa, fadamar Waza ta bushe, masunta da makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa jingar da ta toshe wani ƙaramin rafi da ake kira Petit Goroma. Rafi ɗaya tak, amma ruwa ya koma kan fili kimanin murabba'in kilomita 200, ciyawar kiwo ta dawo, kifi ya dawo, mutane suka biyo. A ƙasan kogin Senegal ma, bayan madatsar Diama ta 1986, an farfaɗo da fadamar Diawling ta Muritaniya ta hanyar buɗe ƙofofin ruwa da rufe su a kan lokaci, ana kwaikwayon cika da janyewar da. Inda aka bar ruwa ya zauna dindindin a wannan kwarin kuwa, kacalar nan tamu ce ta mamaye.

Mu ma ba a zauna hannu rabbana ba. Tun 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya da ƙungiyoyin masu kula da tsuntsaye na Turai, waɗanda tsuntsayensu ke zuwa nan cin rani. A ƙarƙashinsa aka yi aune-aunen da har yau ake dogaro da su, ciki har da lissafin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi, wanda ya nuna cewa idan aka auna da yawan ruwan da aka kashe, abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace ya ninka na aikin noman rani na kogin Kano sau da yawa. A 2000 aka sa tafkin Nguru da rafin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Nijeriya, dausayin Baturiya ya biyo a 2008. A farkon shekarun 2000 wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya haɗa kan ƙauyuka suka shiga ruwa da adda da lauje, aka yi gayyar buɗe hanyoyi, ruwa ya sake bin wasu rassan da aka fid da rai da su. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka hallara a Damaturu tare da gwamnatin tarayya, aka amince da tsarin kula da kogin baki ɗaya, aka kafa asusu na musamman. Bayan ambaliyar 2020 da ta 2022 gwamnatin Jigawa ta sa injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa suna yashe kogin. An kuma gwada mayar da kacala iskar gas ta girki da abincin dabbobi, a wani bincike da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ta shiga tare da jami'o'in waje.

To me ya sa har yanzu ake kuka? A ganina dalili uku ne suka sarƙe da juna, kuma na farkon ya fi sauran nauyi.

Ana share kacala, ba a taɓa abin da ke shuka ta. Muddin ruwa zai ci gaba da gudana a rassan nan wata goma sha biyu, duk hanyar da aka buɗe bana za ta rufe cikin 'yan shekaru. Yin haka ba shi da bambanci da sharar ɗaki alhali rufin yana zuba. Kacala tana mutuwa ne idan ƙasa ta bushe sosai har saiwarta ta ƙone, ko idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa yadda kututturen ba zai sami iska ba. Na biyun aikin hannu ne mai wuya, cikin ruwa mai tsargiya. Na farkon kuwa shawara ce da ake yankewa a ofis a Kano: a ƙayyade ruwan da ake saki da rani daidai da abin da birnin Kano da gonakin Kura da Kadawa da Auyo ke buƙata, a daina barin rara tana gangarowa, a bar rassan ƙasa su bushe na wasu makonni bi da bi, sannan a saki ruwa mai ƙarfi a tsakiyar damina daidai lokacin da kifi ke neman shiga fadama. Masana sun faɗi wannan tun shekarun 1990. Yana buƙatar ƙofofin raba ruwa a mararrabar rassa, musamman wajen Likori inda Marma da Burum Gana ke rabuwa, domin in ba ƙofa ruwa zai bi inda ya fi sauƙi ne kawai.

Akwai masu ja da wannan, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Miliyoyin mutanen Kano daga waɗannan madatsu suke sha. Manoman fadama da yawa sun saba da ruwan rani, sun sayi injin ban-ruwa, suna noman alkama da shinkafa da tattasai da albasa, ba za su yi murna da an ce rafinsu zai bushe a watan Afrilu ba. Sakin ruwa da damina kuma, a shekarar da sama ta yi yawa, yana iya zama ambaliya a Auyo da Haɗejiya da Guri, mutanen da suka kwana a kan jinga a 2022 ba sa buƙatar a ba su labari. Amsar ita ce ambaliyar da ke rushe gidaje tana ƙaruwa ne saboda hanyoyin da za su kwashe ruwan su baza shi sun toshe, kuma ruwan da aka saki bisa jadawalin da kowa ya sani tun watanni kafin lokaci ya fi wanda ake saki dole cikin dare saboda madatsa ta cika. Manomin rani yana iya tsara shukarsa idan ya san ranar da ruwa zai tsaya, yana kuma da rijiyar burtsatse ta fadama. Abin da ba ya iyawa shi ne noma a gonar da kacala ta cinye.

Dalili na biyu, yashe kogin da ake yi don gudun ambaliya ake yinsa, ba don kifi ba, kuma biyun ba kullum suke tafiya tare ba. Injin yana zurfafa tsakiyar kogi, ya tara lakar a gaɓa ta zama jinga, jingar ta rufe bakin ƙananan rafukan da ke shiga fadama. Ruwa ya wuce da sauri, an tsira daga ambaliya, an kuma rufe wa tarwaɗa ƙofar ɗakin haihuwa. Gyaran wannan ba ya cin kuɗi. Kafin injin ya shiga, a sa masuntan wurin su nuna kowane baki, a bar shi a buɗe, a daidaita zurfinsa yadda ruwa zai shiga da wuri ya kuma fita duka idan kogi ya sauka. Bakin da ke shigar da ruwa ba ya fitarwa gonar kacala ce ta gobe. A fara aiki daga ƙasa a hauro, don kada a buɗe wa ruwa hanya zuwa inda ba shi da mafita.

Na uku, masunci ba shi da kujera a inda ake raba ruwa. Mai noman rani yana da ƙungiyar masu amfani da ruwa, birni yana da hukumar ruwan sha, kifi ba shi da wakili. Su ma masuntan ba za a saurare su ba sai sun gyara nasu gidan: a hana dumba a watannin shigar kifi, idan ruwa na janyewa kuma a bar tsakiyar rafi a buɗe, kowane gari ya keɓe tafki ɗaya mai zurfi da ba a taɓawa da rani don iyayen kifi. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Haɗejiya, tsohon tsari ne da aka saki. Masarautar Haɗejiya, wadda ƙananan hukumomi takwas na wannan yanki ke ƙarƙashinta, ita ce ke da bakin da zai sa ƙauyen sama da na ƙasa su yarda da doka ɗaya.

Wasu za su ce a bar wahala, a koma kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti. Kiwon kifi sana'a ce mai kyau ga mai jarin sayen abincinsa. Kifin fadama kuwa ba wanda ke ciyar da shi, shi ne naman talaka, shi ne jarin matan da ke banda da soya, shi ne abin da ya sa kasuwar kifi ta Haɗejiya ta yi suna har kudancin ƙasar nan. Siminti ba ya haifar da bargi ko kawara ko kurungu.

Saura wani abu da ya kamata mutanen wannan yanki su sa wa ido. Kogin Jama'are ne kaɗai babban kogin da ya rage a wannan yanki yana cika yana janyewa yadda Allah ya tsara shi, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 ake fara madatsar Kafin Zaki a kansa a jihar Bauchi ana dakatarwa. Duk lokacin da aka tayar da maganar, Yobe da Borno kan nuna damuwa, manoman tattasan Diffa ma abin ya shafe su. Idan har za a gina ta, to a rubuta sakin ruwan damina cikin ƙa'idar aikinta tun kafin a zuba siminti, a kuma yi mata ƙofofin da za su iya sakinsa.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Birniwa da Kirikasamma da Guri, da hakimai da sarakunan ruwa: abin da ke hannunku bai jira Abuja ba. Da ranin nan a zagaya da masunta da makiyaya a rubuta kowane bakin rafi da kowane kwalbati da ya toshe, a san wanda gayya za ta iya da wanda sai injin. A kai takardar ga gwamnatin jiha da Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a kuma nemi abu ɗaya a rubuce: jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa na shekara guda, wanda za a karanta a rediyo kafin damina ta faɗi.